Tsohon Ɗan Sanda a Tsibirin Ɗaurarru: Tauraron da Marubuta Suka Yi wa Rowar Suna

Akwai wani mutum da ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuciya, ga shi kuwa ko sunansa ban sani ba, domin wanda ya ƙage shi bai ga ya cancanci suna ba. A cikin littafin The Sign of Four na haɗu da shi, wato ƙagaggen labarin nan na Arthur Conan Doyle da ya fara fitowa a 1890, na biyu a jerin labaran mashahurin mai binciken laifuffuka Sherlock Holmes. A babin ƙarshe, bayan an kama mutumin da aka sha wahalar nema, Jonathan Small mai ƙafar katako, sai aka zaunar da shi ya ba da tarihinsa tun daga tushe. A cikin wannan dogon bayani ne ya faɗi yadda ya tsere daga tsibirin ɗaurarru na Andaman. Ya ce da dare ya gangaro tashar kwalekwale inda abokinsa Tonga yake jiransa, sai ya tarar da wani mai gadi ɗan ƙabilar Pashtun, waɗanda Turawan lokacin suke kira Pathan, yana tsaye ya ba shi baya, da bindiga a kafaɗa. Mai gadin nan, in ji Small, ya daɗe yana cin zarafinsa. Ya duba ko zai sami dutse bai samu ba, sai ya zauna cikin duhu ya kwance ƙafarsa ta katako, ya yi tsalle uku da ƙafa ɗaya, ya rotsa masa kai. Har yana nuna wa masu sauraronsa inda katakon ya tsage. Shi ke nan an gama da mai gadi. Holmes bai tambayi ko wane ne ba, Dakta Watson bai tambaya ba, shi ma marubucin bai sake waiwayarsa ba.

A ganina wannan bawan Allah da aka kashe cikin layi biyar ya fi Small labari, ya fi dukiyar Agra da aka cika littafin da nemanta. Irinsa, wato mutumin da ya taɓa sa kayan hukuma sannan ya wayi gari a tsakiyar ɗaurarru a wani tsibiri na 'yan mulkin mallaka, shi ne tauraron da nake so mu duba yadda marubuta suka yi da shi. Amma tilas sai mun fara sanin wurin.

Tsibiran Andaman suna cikin Tekun Bengal, kimanin kilomita 1,200 daga gaɓar Indiya. Bayan tawayen sojojin Indiya na 1857, gidajen yarin Turawan Ingila sun cika, wasu ma 'yan tawaye sun fasa su, don haka aka yanke shawarar a tsallakar da ɗaurarru teku. A watan Maris na 1858 Dakta James Pattison Walker, wanda a da shi ne shugaban gidan yarin Agra, ya sauka a Port Blair da ayarin farko na mutum 200. Aikinsu sare daji da cike fadama, ladansu zazzaɓin cizon sauro da atini. Cikin watannin farko mutane da yawa suka gudu daji, waɗanda yunwa da kiban mutanen tsibirin suka koro kuma Walker ya rataye fiye da 80 daga cikinsu. Mutanen Indiya suna kiran wannan hukunci Kala Pani, ma'ana baƙin ruwa, domin a wurin mabiya addinin Hindu na wancan zamani wanda ya ƙetare teku ya fita daga matsayin danginsa, ko ya dawo ba shi ne ya dawo ba.

To, a nan ne batunmu yake. Turawan da ke tsibirin 'yan ƙalilan ne, ɗaurarru kuwa dubbai, kuma gwamnati ba ta son kashe kuɗi. Sai aka ɗauko dabarar da aka riga aka gwada a Singafo, inda ɗaurarrun Indiya suke gadin junansu. Wani jami'i mai suna J. F. A. McNair ma ya rubuta littafi a kan wannan tsari a 1899, ya sa masa suna Prisoners Their Own Warders, wato fursunoni su ne gandirobobin kansu. Ɗaurarre in ya nuna ladabi sai a ɗaura masa ɗamara a ba shi ayari ya kula da shi, daga nan ya hau zuwa muƙamin tindal, har ya kai jamadar. Yana da ɗan albashi, yana da sauƙin aiki, yana da fatan samun takardar zaman kansa bayan shekara 10. Wa hukuma za ta fara hange in tana neman mai riƙe wannan sanda? Ai wanda ya san fareti, ya san karɓar oda, ya ɗan ji harshen Bature. Wato tsohon soja ko tsohon ɗan sanda.

Kalmar da Doyle ya kira mai gadin nan da ita a Turance tana da fuska biyu: tana iya nufin mai gadin fursuna, tana kuma iya nufin fursuna mai gadi. Bindigar da ya rataya masa tana nuna ɗan sandan gwamnati ne, don da wuya hukuma ta damƙa wa ɗaurarre bindiga, amma kalmar tana karkata ga ɗaya ɓangaren. Wani manazarci zai ce ai wannan ƙwarewa ce. Ni ban yarda ba. Rashin kulawa ne kawai. Doyle bai taɓa taka Andaman ba, kuma bai damu ya bambance ba, domin a wurinsa mutumin itace ne da ya tare hanya, sai a sare a wuce. Alhali kuwa tsakanin ma'anonin nan biyu akwai rayuwa da mutuwa. Ɗan sandan gwamnati in ya tashi aiki barikinsa zai koma ya kwana cikin 'yan'uwansa. Fursuna mai ɗamara kuwa, in magariba ta yi, a ɗaki ɗaya za a kulle shi da mutanen da ya wuni yana kora da sanda.

Mai karatu ya ɗan tsaya ya auna wannan hali. Mutum ne da a garinsu in ya tunkaro kasuwa ake dare masa. Ya kama ɓarayi, ya ba da shaida a kotu, wataƙila ya karɓi na goro, wataƙila ya mari wanda bai ji ba bai gani ba. Yau an aske masa kai, an rataya masa lamba a wuya, an zuba shi cikin jirgi tare da irin mutanen da ya saba sa wa ankwa. Ba lallai ne ya haɗu da wanda shi da kansa ya kama ba. Ya isa kawai a ji labarin abin da yake yi a da, kuma labari a cikin jirgin fursuna ya fi wutar daji gudu. Daga ranar duk shirin gudu da ya tonu shi ne ya kai tsegumi, ko da kuwa barci yake lokacin da aka ƙulla. In ya ƙi karɓar ɗamara don ya wanke kansa a wurin ɗaurarru, ba za su yarda da shi ba, ga shi ya rasa inuwar hukuma. In ya karɓa, ya tabbatar musu da zarginsu, kuma daga ranar aikin ayarinsa yana wuyansa: in ba su cika ƙa'idar yini ba shi za a tuhuma, a ƙwace ɗamarar, a mai da shi cikin layi a tsakiyar waɗanda ya doka jiya. Saboda haka dole ya ƙara duka don kada ya faɗo, kuma kowane duka bashi ne da za a biya shi wata rana. Gaba kura baya sayaki ke nan. Wane marubuci ne zai tsinci irin wannan tauraro a hanya ya tsallake shi?

Abin ban haushi shi ne Doyle yana da wannan jigo a tafin hannunsa ta wurin Small kansa. Ku tuna ko wane ne Small. Tsohon soja ne da kada ya cinye wa ƙafa a kogin Ganges, ya koma mai kula da leburori a gonar baba, sannan lokacin tawayen 1857 aka ba shi gadin wata ƙofa a tsohuwar fadar Agra tare da sojojin Punjab biyu. A bakin wannan ƙofa, shi da aka ba amanar tsaro, ya haɗa kai da su suka kashe wani mai suna Achmet da ya zo neman mafaka da akwatin duwatsu masu daraja. Aka yanke masa hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai. Ga mai gadi ya zama abin gadi. Amma da ya isa tsibirin, me ya same shi? Da yake farar fata ne, sai aka ba shi bukkarsa shi kaɗai a Hope Town, a gindin dutsen Harriet, aka sa shi yana taya likita haɗa magani, da dare yana leƙen hafsoshi suna caca. Ba mu ga dare ɗaya da ya kwana da ido ɗaya a buɗe ba. Farar fatarsa ta fitar da shi daga tarkon da na bayyana a sama, marubucin kuma ya bi shi ya fita, ya bar abokan laifinsa uku a cikin duhu ba mu san yadda suka ƙare ba. Su ma ɗin, ya ce mabiya addinin Sikh ne amma ya raɗa musu sunaye irin su Abdullah Khan da Dost Akbar. Wannan kaɗai ya ishe mu sanin iyakar binciken da ya yi. Yadda ya siffanta Tonga, ɗan asalin tsibirin, kamar dabba, wannan kuma tabo ne da ya cancanci sharhi na daban.

Kada a ce na tsananta wa Doyle. Zubi da tsarin littafin abin koyi ne: yadda ya ɓoye asirin har ƙarshe, da yadda ya bar mai laifi ya yi magana da bakinsa har mai karatu ya soma tausaya masa. Amma da na ajiye littafin na buɗe tarihi, sai na ga a wannan Hope Town ɗin da ya ba Small bukka, a tashar kwalekwalen garin, an yi wani abu shekara 18 kafin fitowar littafinsa wanda ya girgiza daular Ingila baki ɗaya, kuma wanda ya aikata shi tsohon ɗan sanda ne.

Sunansa Sher Ali Afridi, mutumin kwarin Tirah da ke kan iyakar Afganistan. Ya yi aiki a rundunar 'yan sandan doki ta Punjab, ya zama mai tsaron lafiyar Kwamishinan Peshawar. Wani babban jami'i da ya yi wa aiki, Reynell Taylor, ya yaba da shi har ya ba shi kyautar doki da ƙaramar bindiga da takardar shaida. Turawa sun amince da shi har yana kula musu da 'ya'ya. To amma akwai gabar jini a danginsu, irin wadda a al'adar mutanensa ba a barinta ta kwana. Ya gamu da abokin gabar a Peshawar ya kashe shi da rana tsaka. Da a can cikin duwatsun garinsu ya aikata, dokar Bature ba ta kai nan ba. A Peshawar kuwa kisan kai ne. A 1867 aka yanke masa hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai a Andaman, daidai yadda Doyle ya yi wa Small. A tsibirin ya nuna hali na gari har aka bar shi yana sana'ar aski.

Ranar 8 ga Fabrairu 1872 Lord Mayo, Wakilin Sarauniya kuma mai mulkin Indiya duka, ya zo duba sansanin. An tsaurara tsaro duk yini. Da yamma ya ce zai hau dutsen Harriet ya gani ko wurin zai dace da masu jinya. Ya tsaya ya kalli faɗuwar rana, suka sauko duhu ya riga ya shiga, ana haska musu hanya da jiniya. Suna kan gadar tashar kwalekwale ta Hope Town, sai Sher Ali ya fito daga duhu ya daka masa wuƙa sau biyu a baya. Kafin a kai shi jirgi rai ya yi halinsa. Shi ne kaɗai Wakilin Sarauniya da aka taɓa kashewa yana kan mulkin Indiya. Hukuma ta yi ta bincike ko akwai hannun wata ƙungiya, musamman da yake 'yan watanni kafin nan, a 1871, an kashe Alƙali Norman a Kalkata, amma ba a sami wata alaƙa ba. Shi dai Sher Ali ya tsaya a kan cewa shi kaɗai ne, kuma ya daɗe yana jiran wani babban Bature. An rataye shi a tsibirin Viper ranar 11 ga Maris 1872. Malam Ja'afar Thanesari, wanda ya yi zaman ɗauri a can daga 1866 zuwa 1883, ya kawo labarin kisan a littafinsa na Urdu da aka fi sani da Kala Pani.

Ban kawo wannan don in wanke kisan kai ba. Ran Mayo rai ne, ran wanda aka kashe a Peshawar ma rai ne. Na kawo shi ne don ya nuna wani haɗarin da ba ya zuwa daga hannun fursuna ko daga bulalar hukuma, wanda yake tsirowa a cikin ƙirjin mutumin kansa. Ɓarawon da aka ɗaure ya san tun farko shi da hukuma ba sa ga maciji, don haka ɗaurin bai zo masa da mamaki ba. Wanda ya yi mata bauta fa? Wanda ya riƙe linzamin dokin kwamishina, ya goya masa 'ya'ya, yana da takardar yabo a aljihu? Shi ɗaurin cin amana yake ganinsa. Sher Ali bai ɗauki abin da ya yi a Peshawar laifi ba, kuma mutanen da ya yi wa hidima su ne suka jefa shi baƙin ruwa. Shekaru yana aski, yana gaisuwa da ladabi, ana rubuta shi cikin masu halin kirki, abin yana cinsa a ciki. Ku kwatanta wannan da dalilin Small, wanda bai wuce akwatin lu'ulu'u da Manjo Sholto ya cuce shi a kai ba. Tarihi ya ba da mutum, ƙagaggen labari ya ba da kwaɗayi.

Sai mu ƙetara zuwa wani tsibirin, domin akwai marubucin da ya fi Doyle kusantar abin. Tsakanin 1788 da 1868 Ingila ta kwashe ɗaurarru kimanin 162,000 zuwa Ostareliya, kuma a can ma tsarin bai canza ba: 'yan sintirin dare na farko da Gwamna Phillip ya kafa a Sidni a 1789 fursunoni 12 ne da aka zaɓo. Waɗanda suka sake yin laifi a can kuwa akan tura su tsibirin Norfolk, kimanin kilomita 1,400 gabas da Ostareliya, wanda daga 1825 zuwa 1855 ya zama kurkukun cikin kurkuku. Yawancin 'yan sanda da masu kula da ayari a Norfolk ɗaurarru ne ko tsofaffin ɗaurarru. A ƙarshen watan Yuni na 1846, zamanin Kwamanda Joseph Childs, aka ba da oda a kwashe tukwane da gwangwanayen da fursunoni suke dafa ɗan abincinsu da su. Da safiyar 1 ga Yuli suka fasa ɗakin ajiya suka ɗebo kayansu, sannan wani matashi mai suna William Westwood, wanda ake wa laƙabi da Jackey Jackey, ya ja gaba da makami a hannu. Kafin sojoji su iso an kashe mutum 4, 'yan sanda uku da mai kula da ayari ɗaya. Kwamandan da jami'an da suka ba da odar ko ƙwarzane ba su samu ba. Ƙananan ma'aikata su ne suka biya. Ranar 13 ga Oktoba aka rataye Westwood da mutum 11.

Marcus Clarke ya ɗauki wannan tarihi ya zuba a littafinsa His Natural Life, wanda ya fito kashi-kashi a mujalla daga 1870 zuwa 1872, ya zama littafi a 1874, daga baya aka fi saninsa da For the Term of His Natural Life. Babban tauraronsa Rufus Dawes ne, wanda aka ɗaure bisa laifin da bai aikata ba, mugun kuwa Maurice Frere. Clarke ɗan jarida ne, ya tona takardun gwamnati, kuma hakan ya nuna a rubutunsa. A kashi na ƙarshe, wanda ya faru a Norfolk, ya yi wata dabara mai kyau: ya bar wani limamin Kirista mai suna North, mashayi mai fama da zuciyarsa, ya ba da labarin ta hanyar abin da yake rubutawa kullum a littafin ajiyarsa. Ta bakin North muka san wani ƙaramin mai kula da ayari, Hankey, wanda ya bayyana masa asirin ƙungiyar tsofaffin fursunoni da suka yi rantsuwar ɗaukar fansa a kan duk wanda ya kai tsegumi, har akan wayi gari a tarar da mutum a shaƙe a makwancinsa. Hankey matsoraci ne, kullum a firgice yake, kuma a ƙarshe abin da yake tsoro ya same shi, fursunoni suka kashe shi.

Wannan shi ne wuri mafi kusa da na ga wani daga cikin marubutan nan ya kai ga mutumin da nake nema. Clarke ya ba shi suna, ya ba shi murya, ya nuna mana cewa mai riƙe da sandar ma a ɗaure yake. Ya kuma fahimci cewa gabar da ke tsakanin fursuna da fursuna mai ɗamara da gangan hukuma take hura ta, domin muddin suna tsoron juna Bature zai yi barci lafiya. Sai dai kash, ya tsaya a bakin ƙofa. Mutuwar Hankey an kawo ta ne don ta ƙara wa Dawes nauyi, ba don kanta ba. Ba mu san abin da Hankey yake yi kafin a ɗaure shi ba, ba mu san ranar da aka miƙa masa muƙamin da abin da ya raya a ransa ba. Ɗaya ɗan sandan littafin kuma, Troke, wanda muka daɗe tare da shi, ba shi da ciki ko kaɗan: kare ne na Frere, a ce kama ya kama. Shafi ɗari-ɗari Clarke ya kashe a kan rikicin gado da soyayyar Dawes da Sylvia da haɗuwar bazata iri-iri da hankali ba ya ɗauka, irin cutar nan da mu ma take damun littattafanmu, amma ya rasa shafi biyar da zai shiga zuciyar Troke.

Ga wani abin lura a gefe. Manazarta sun yi ittifaƙi cewa Clarke ya gina Frere ne a kan John Price, wanda ya karɓi Norfolk daga hannun Childs a 1846. Price ya yi aikin majistaren 'yan sanda a Hobart, ya san harshen ɓarayi, kuma ya ƙware wajen mai da fursuna ɗan leƙen asirin ɗan'uwansa. A watan Maris na 1857 fursunoni suka rufe shi da duwatsu da shebur a Williamstown kusa da Melbourne, washegari ya mutu, aka rataye mutum 7. Shi ana tunawa da shi, an rubuta littattafai a kansa. Ɗaruruwan da ya ɗaura wa ɗamara ya tura cikin ɗakunan kwana sai mai tonon tsofaffin takardu.

Na san da yawa daga cikinmu sun fi sanin Indiya ta hanyar fim, to bari in taɓo guda. A 1996 darakta Priyadarshan ya fito da Kaalapani cikin harshen Malayalam, Mohanlal ne jarumi, labarin kuma yana faruwa a babban kurkukun Port Blair da aka gina tsakanin 1896 da 1906, mai fukafukai bakwai da ɗakunan kaɗaici kusan 700. Mugun gandiroba a fim ɗin, Mirza Khan, Amrish Puri ne ya fito a matsayinsa, kuma duk wanda ya san fuskar Amrish Puri ya san an gama yanke wa tauraron hukunci tun kafin ya buɗe baki. Mirza Khan mutum ne na gaske. V. D. Savarkar, wanda aka tsare a can daga 1911 zuwa 1921, ya ambace shi a littafin tarihin ɗaurinsa a matsayin na hannun daman shugaban kurkukun, David Barrie. Abin da fim ɗin bai tsaya a kai ba shi ne jamadar irin Mirza Khan shi ma ɗaurarre ne da ya hau muƙami. Ban ce bai yi zalunci ba. Mutanen da aka ɗaura wa turmin matsar man kwakwa kamar shanu, a ce sai sun cika ma'auni kafin su ci abinci, ba ƙarya suka yi ba da suka la'anci masu tsaye a kansu. Amma da Savarkar da masu fim sun mai da abin kamar halin ƙabila ne ko na addini, Pashtun Musulmi a kan ɗan kishin ƙasa Bahinde, alhali wanda ya zaɓi ya ɗora wannan a kan wancan yana zaune a tsibirin Ross yana shan iska. Marubucin da ya tsaya a kan muguntar gandiroba kawai ya ƙarasa wa Barrie aikinsa ba tare da ya sani ba.

Mu a nan ba a yi mana tsibirin ɗaurarru ba, amma dogari da ɗan doka da gandiroba ba baƙinmu ba ne, kuma a yawancin rubuce-rubucen da nake karantawa matsayinsu bai wuce na mai gadin Doyle ba: su shigo da gudu, su kama, su doka, su fita. In ɗayanku ya yi niyyar rubuta irin wannan mutum bayan ya faɗo, ina ba shi shawara kada ya fara da ranar da aka kashe shi, kada kuma ya fara da ranar da aka kama shi. Ya fara da ranar da shugaban kurkuku ya kira shi ofis, ya ce na ga takardunka, ashe ka taɓa aiki, ga ɗamara. Minti ɗaya ne tsakanin tayin da amsar, kuma duk abin da mutumin yake, da wanda ya zalunta a da, da 'ya'yan da ya baro, da idanun da za su bi shi in ya fito daga ofishin, duk suna cikin wannan minti. Kowa ya ci ladan kuturu ya san abin da ke jiransa, shi ma ya sani, kuma mai yiwuwa ne ya miƙa hannu ya karɓa. Aikin marubuci shi ne ya sa mai karatu ya ji cewa da shi ne a wurin, da wuya ya ƙi.

Sunayen wuraren ma yanzu sun canza. Gwamnatin Indiya ta sauya sunan tsibirin Ross a 2018 zuwa na Netaji Subhas Chandra Bose, dutsen Harriet ya koma dutsen Manipur a 2021, Port Blair kuma ta zama Sri Vijaya Puram a 2024. Kurkukun ya zama gidan tarihi, an zana sunayen 'yan gwagwarmayar neman 'yanci a bangonsa. A littafin Doyle kuwa, Small ya ce da ya tashi daga faɗuwar da suka yi tare ya ga mai gadin kwance ba ya motsi, sai ya nufi kwalekwale, cikin sa'a guda sun yi nisa a teku. Labarin ya bi kwalekwalen. Da gari ya waye dole wani ya tsinci gawar a bakin ruwa, dole kuma kafin magariba an kira wani ofis an ce ya maye gurbin.